Mai Koyon Hawan Babur a Ƙasar Biritaniya: Abin da Doka ta Yardar Masa da Abin da ta Hana Shi

Baƙon da ya sauka a London, ko Birmingham, ko wani babban gari na ƙasar Biritaniya, ba zai daɗe yana kallon titi ba sai ya lura da ƙananan babura masu yawa ɗauke da wani ɗan farin allo gaba da baya, da jan harafin L a tsakiyarsa. Wannan allo shaida ce ta cewa mahayin bai ƙware ba tukuna, koyo ya ke yi, kuma akwai abubuwa da dama da doka ta hana shi waɗanda ba ta hana sauran mahaya ba. Tun da ya ke samari da yawa daga Nijeriya da Nijar da Gana su kan tafi can neman ilmi ko neman abinci, waɗansunsu kuwa sun saba da babur tun suna yara, ya kamata a san yadda al'amarin ya ke kafin a kama kan babur a wannan ƙasa. Rashin sanin doka ba ya fid da mutum gaban alƙali, laifin da aka yi cikin yini guda kuwa ya kan bi lasin mutum shekara da shekaru.

Dokokin da za a bayyana a nan su ne na Ingila da Sukotlan da Wels. Ireland ta Arewa tana da nata ma'aikatar lasin da nata ƙa'idodi, ko da ya ke sun yi kama da waɗannan a wurare da yawa.

Dalilin tsananin bai ɓuya ba. In an haɗa dukan tafiyar da a ke yi bisa hanyoyin ƙasar, rabon babura bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, amma in an ƙidaya waɗanda su ka mutu a hanya sai a tarar kusan mutum 1 cikin 5 mahayin babur ne. A shekarar 2022 an ƙidaya mahaya babur 350 cikin mutum 1,711 da su ka halaka a haɗarin hanya. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi. Mai babur kuwa jikinsa ne ke karɓar duka.

ASALIN DOKOKIN

Ba rana ɗaya aka kafa waɗannan dokoki ba, kowace da abin da ya jawo ta. A shekarar 1903 ne Majalisar Dokoki ta fara tilasta wa masu tuƙi su mallaki lasin. A lokacin ba jarrabawa, ba gwajin ido. Mutum ya kai sule 5 ofishin hukumar gundumarsa a ba shi takarda, shi ke nan. Yaro ɗan shekara 14 ma yana da iko ya hau babur. Dokar 1930 ta ɗaga shekarun zuwa 16, ta kuma wajabta inshora domin biyan diyya ga wanda aka yi wa ɓarna. Littafin ƙa'idodin hanya ya fito a 1931, har yau kuwa shi ne a ke ta gyarawa ana sake bugawa.

Jarrabawar tuƙi ta zama tilas ran 1 ga Yuni, 1935, zamanin da Leslie Hore-Belisha ya ke Ministan Sufuri, kuɗinta sule 7 da sisi. Tare da ita aka shigo da lasin koyo da allon L. Amma jarrabawar babur ta wancan zamani ba ta taka kara ta karya ba. Mai jarrabawa ya kan tsaya a gefen titi, ya ce wa mahayi ya yi ta zagaya waɗansu 'yan tituna, shi kuwa yana leƙensa in ya zo wucewa, can sai ya fito ya ɗaga hannu a taka birki. Abin da mahayi ya yi a bayan gidaje, inda ido ba ya kai wa, tsakaninsa ne da babur ɗinsa. Haka aka yi ta yi har 1989, sa'ad da aka fara sa mai jarrabawa ya bi mahayi a baya, yana yi masa magana ta rediyo.

Wajen girman inji kuwa, tsere aka yi ta yi tsakanin Gwamnati da maƙeran babura. A 1961 aka ce kada mai koyo ya hau abin da ya wuce cc 250, watau ma'aunin faɗin cikin inji, gama a lokacin babur mai wannan girma ba shi da gudu ainun. A ƙarshen 1971 aka ce ɗan shekara 16 ba shi da iko sai da ɗan ƙaramin babur mai feda, wanda bai wuce cc 50 ba. Nan da nan kamfanoni su ka ƙero waɗansu masu feda don cika sharaɗi kawai, irin Yamaha FS1-E, waɗanda ke gudu kusan mil 50 cikin sa'a. Sai a 1977 aka toshe wannan kafa, aka ƙayyade gudunsu mil 30. Kafin a huta kuma sai ga babura masu cc 250 daga Japan, irin Yamaha RD250LC na 1980, suna kai wa mil 100 cikin sa'a, ga shi kuwa doka ta yarda yaro ɗan shekara 17 ya saya da safe ya hau da rana, ba wanda ya taɓa nuna masa inda birki ya ke. Saboda haka a 1982 aka raba jarrabawa kashi biyu, a 1983 kuma aka sauko da iyakar mai koyo zuwa cc 125, aka haɗa da iyakar ƙarfin inji, don an gane girma kaɗai ba ya nuna gudu.

Babban gyara ya zo ran 1 ga Disamba, 1990, sa'ad da aka kafa horon farko na tilas, wanda kowa ke kira CBT. Tsarin matakan lasin da a ke bi yanzu kuwa ya fara aiki ran 19 ga Janairu, 2013, bisa ga wata yarjejeniya ta Tarayyar Turai. Biritaniya ta fita daga Tarayyar a 2020, amma ta riƙe tsarin.

LASIN KOYO

Matakin fari shi ne lasin koyo, wanda hukumar lasin ta DVLA da ke Swansea ke bayarwa. Ana iya neman sa tun mutum yana da shekara 15 da wata 9, amma ba shi da amfani a hanya sai an cika 16, nan ma ga ɗan ƙaramin babur kaɗai, wanda bai wuce cc 50 ba, gudunsa kuma bai wuce mil 28 cikin sa'a ba. Wanda ya cika 17 ne ke da ikon koyo bisa babur mai cc 125, muddin ƙarfin injinsa bai wuce kilowat 11 ba, wajen ƙarfin doki 15 ke nan. Baƙo kuwa sai yana da izinin zama a ƙasar na kwana 185 ko fiye.

Akwai sharaɗin ido. Lalle mai nema ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, kamar tsawon mota 5 a jere. In sai da tabarau ya ke iyawa, ba laifi, amma fa daga ran nan wajibi ne ya sa tabarau duk sa'ad da ya hau.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Samun lasin koyo a hannu bai ba kowa izinin fita hanya ba. Mai koyon mota yana da wanda zai zauna kusa da shi ya tsawata masa, mai koyon babur kuwa shi kaɗai ne, don haka doka ta ce sai an hore shi tukuna. Wanda aka kama bisa hanya ba shi da takardar CBT mai rai, ana iya cin sa tara har fam 1,000, a kuma ɗora wa lasinsa makin laifi har 6.

RANAR HORO

Makarantu masu zaman kansu ne ke yin wannan horo, amma sai waɗanda hukumar DVSA ta amince da su, kowace kuma da kuɗin da ta ke yankawa. Galibi su ke ba da aron babur da hular kwano. Horon ya kan ci yini guda, an kuwa kasa shi kashi 5, ba a tsallake wani a je ga wani.

Da fari a duba lasin, a gwada ido, a yi bayanin tufafin da su ka dace. Wanda ya kasa karanta lambar mota, aikinsa ya ƙare a nan, sai ya je ya ga likitan ido. Na biyu, a kai masu koyo wani fili da aka killace, a nuna musu babur yana tsaye: ga totur, ga kuloci, ga giya, ga birkin gaba da na baya, ga yadda a ke duba mai da taya da sarƙa da fitilu, ga yadda a ke kafe babur da sauke shi, da yadda a ke tura shi da hannu ba tare da ya rinjayi mutum ba. Na uku, a hau cikin filin. A nan a ke koyon tashi da tsayawa, da tafiya a hankali kamar mai tafiya da ƙasa, da zagaye mai siffar lamba 8, da juyowa baya cikin ƙunci, da taka birki farat ɗaya. A wannan fili malami ɗaya ba ya riƙe fiye da mutum 4.

Abu biyu malamai su ka fi nanatawa, su ne kuwa inda wanda ya koyi hawa a gida ya fi shan wuya, gama hannu ya riga ya saba. Na ɗaya, birkin gaba. Mahaya da yawa suna tsoronsa, suna cewa ya kan kifar da mutum, sai su dogara ga na ƙafa. Gaskiyar magana ita ce, in an taka birki nauyin babur da na mahayi gaba ya ke komawa, tayar baya ta yi sakayau, don haka yawancin ƙarfin tsayawa yana ga birkin gaba. Abin da ke kifar da mutum shi ne fizgarsa gaba ɗaya, musamman cikin kwana ko bisa jiƙaƙƙiyar hanya. Matsa shi a ke yi sannu sannu, a ƙara ƙarfi, a haɗa da na baya. Na biyu, waiwaye. Madubi ba ya nuna abin da ke daf da kafaɗar mahayi, saboda haka kafin a juya ko a sake layi sai a waiga a gani da ido. Turawa sun sa wa wannan waiwaye suna mai ma'anar ceton rai, ba kuwa don wasa ba.

Kashi na huɗu zama a ke yi a tattauna: ƙa'idodin hanya, da gudun da ya dace, da tazarar da za a bari, da yadda ruwan sama da ƙanƙara da man da ya zube ke sa santsi, da yadda mahayi zai sa masu mota su gan shi. Na biyar shi ne fita hanya sosai, sa'a 2 ko fiye, malami yana biye yana magana ta rediyo, a nan kuwa ba ya ɗaukar fiye da mutum 2.

CBT ba jarrabawa ba ce, ba a cewa wane ya ci wane ya faɗi. Amma malami ba zai fitar da mutum hanya ba sai ya ga alamar zai dawo lafiya, ba kuma zai sa hannu a takarda ba sai ya gamsu. Wanda bai kai ba, a ce ya komo wata rana. Wanda ya kai, a ba shi takardar shaida mai lamba DL196, ranta shekara 2. In shekara 2 sun cika mutum bai ci cikakkiyar jarrabawa ba, ko dai ya sake horon daga farko, ko ya ajiye babur.

Akwai rangwame ga masu lasin mota. Wanda ya ci jarrabawar mota kafin 1 ga Fabrairu, 2001, yana iya hawan ɗan ƙaramin babur mai cc 50 ba CBT, ba allon L. Wanda ya ci bayan wannan rana sai ya yi horon sau ɗaya. Amma rangwamen bai kai ga mai cc 125 ba. Ko mutum ya shekara 30 yana tuƙin mota, bisa wannan babur mai koyo ne.

ABIN DA AKA HANA

Mai takardar CBT yana da iko ya fita shi kaɗai, dare ko rana, amma da sharuɗɗa.

Allon L tilas ne gaba da baya, a inda za a gan shi sarai. Girmansa a ƙayyade ya ke, wajen inci 7 kowane gefe. Samari su kan datse shi, ko su naɗe shi jikin ƙarfen gaba don kada ya ɓata wa babur kyau. Allon da aka datse, a idon doka, daidai ya ke da babu, ana kuwa iya ba da makin laifi a kansa. A ƙasar Wels an yarda a sa harafin D maimakon L, gama da shi kalmar mai koyo ta fara a harshensu, amma da an ƙetare iyaka zuwa Ingila sai L.

Goyo haramun ne ga mai koyo, ko da wanda za a goya ya fi shi ƙwarewa, ko da tafiyar ba ta wuce ƙarshen layi ba. Ga wanda ya tashi inda a ke ɗora mutum biyu da buhu bisa babur guda, wannan zai zama abin mamaki, amma dalilinsa a fili ya ke. Nauyin mutum na biyu ya kan sauya yadda babur ke kwanciya cikin kwana, ya ƙara nisan da za a ci kafin a tsaya, in kuwa aka faɗi rai biyu ne. Jan tirela ma an hana.

Haka kuma ba shi da iko ya hau manyan hanyoyin gudu da a ke kira motowe, masu shuɗin allo da lamba mai farawa da M, inda motoci ke tafiya mil 70 cikin sa'a. Tun 2018 an yarda mai koyon mota ya hau su in yana tare da malami, amma ba a yi wa mai koyon babur wannan sassauci ba. Mai bin taswirar waya sai ya lura, gama ita ba ruwanta da allon L, hanyar da ta fi sauri za ta nuna.

Sauran wajibai kuwa ɗaya su ke da na kowa. Babur ya kasance da rajista da haraji, in ya wuce shekara 3 a kai shi gwajin lafiya na MOT kowace shekara, zanen taya kuma kada zurfinsa ya kasa milimita 1 in babur ya wuce cc 50. Hawa ba inshora ya kan jawo tarar fam 300 da maki 6 nan take, 'yan sanda kuma suna da iko su kama babur ɗin. Riƙe waya a hannu, fam 200 da maki 6. Mai kai wa mutane abinci ko saƙo don kuɗi, doka ba ta hana shi yi da allon L ba, amma inshorar hawa ta yau da kullum ba ta rufe wannan aiki, sai ya sayi ta masu ɗaukar kaya don lada. Ɗalibi kuma ya tuna takardar izininsa ba ta yarda ya yi sana'ar kansa ba, yawancin wannan aiki kuwa a matsayin sana'ar kai a ke yin sa.

HULAR KWANO

Labarin hular kwano ya faro daga mutuwar T. E. Lawrence, Baturen nan da ya yi suna a yaƙin ƙasar Larabawa. A watan Mayu, 1935, ya faɗi da babur ɗinsa a gundumar Dorset, ba kome a kansa, ya cika bayan kwana 6. Cikin likitocin da su ka duba shi akwai Hugh Cairns, gwanin aikin ƙwaƙwalwa. Abin ya tsaya masa a rai, ya shiga binciken raunukan sojoji masu kai saƙo bisa babur, ya buga abin da ya gano a 1941, a shekarar kuma rundunar soja ta wajabta wa mahayanta hula. Farar hula kuwa sai da aka ƙara shekara 32 ana gardama, waɗansu na cewa kan mutum nasa ne, kafin doka ta hau kansu ran 1 ga Yuni, 1973. A 1976 aka ɗauke wa mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani, su kaɗai.

Ba kowace hula ce doka ta sani ba, sai mai ɗauke da tambarin gwaji na Biritaniya ko na Majalisar Ɗinkin Duniya. Lalle kuma a ɗaure igiyarta a haɓa. Hular da ba a ɗaure ba ita ce ke fara barin kai in an faɗi, doka kuma tana ɗaukar mai ita kamar bai sa ba. Hular da ta taɓa buguwa da ƙarfi a yar da ita, ko da ba a ga tsaga ba, gama abin da ke shanye duka yana ciki ne, sau ɗaya kuwa ya ke aiki. Saboda haka sayen ta hannu ganganci ne. Safar hannu da takalmi mai rufe idon sawu da riga mai kauri ba tilas ba ne bisa doka, amma malami yana iya ƙin fita da wanda ya zo da silifa, mai jarrabawa kuma yana iya soke jarrabawarsa.

MATAKAN CIKAKKEN LASIN

Wanda ya ke so ya cire allon L, ya yi goyo, ya hau babban babur, sai ya ci jarrabawa. Lasin kuwa hawa hawa ne. Ɗan shekara 16 yana iya samun AM, na ɗan ƙaramin babur. A shekara 17 akwai A1, na cc 125. A shekara 19 akwai A2, na babur da ƙarfinsa bai wuce kilowat 35 ba, wajen ƙarfin doki 47. An yarda a rage wa babban babur ƙarfi don ya shiga wannan aji, amma ba wanda asalin ƙarfinsa ya fi ninki biyu ba. Na ƙoli shi ne A, wanda ba shi da iyaka, hanya biyu kuwa a ke isa gare shi: ko mutum ya riƙe A2 shekara 2 ya sake jarrabawar hawa, watau daga shekara 21, ko ya jira ya cika 24 ya nema kai tsaye. Tsakanin 1997 da 2013 shekara 21 ce ƙa'idar neman kai tsaye, aka ɗaga. Mai koyo bisa babur da ya wuce cc 125 ba ya fita shi kaɗai ko kaɗan, sai da malami a bayansa da rediyo a kunne.

Jarrabawar fari ta ilmi ce, a kwamfuta a ke yin ta. Tambaya 50 cikin minti 57, sai an ci 43. Sa'an nan a nuna 'yan gajerun hotunan majigi 14 na tafiya bisa hanya, mutum ya danna da ya hango haɗari na tasowa, ana neman maki 44 cikin 75. Dole a ci duka biyu a zama ɗaya. Takardar tana da rai shekara 2, cikinsu kuma a ke so a gama sauran.

Jarrabawar hawa kashi 2 ce tun 2009. Na fari a fili a ke yi, wajen minti 20: tura babur, da saƙa tsakanin 'yan turakun roba, da lamba 8, da tafiya a hankali, da juyowa baya, da tsayawar gaggawa, da kauce wa abin da ya tare hanya. Waɗannan biyu na ƙarshe sai an shigo da gudun kilomita 50 cikin sa'a, akwai na'ura mai aunawa. Wannan adadi daga Turai ya zo, ya kuwa yi daidai da mil 31, alhali iyakar gudu cikin yawancin garuruwan Ingila mil 30 ce. Saboda wannan ɗan bambanci ba dama a yi gwajin bisa titi, sai da aka gina filaye na musamman. Ƙananan kurakurai kada su wuce 5, babba kuwa ko ɗaya ya isa ya kayar da mutum. Sa ƙafa a ƙasa cikin juyowa baya yana cikin manyan.

Na biyu bisa hanya ne, wajen minti 40. A sake gwada ido, a yi tambaya 2 kan lafiyar babur, sa'an nan a fita, mai jarrabawa yana biye. Wajen minti 10 daga ciki a bar mahayi ya bi allunan hanya da kansa. Ɓatan hanya ba laifi ba ne, in dai an ɓata cikin natsuwa. Ƙananan kurakurai kada su wuce 10. Wanda ya faɗi kashi na fari ya jira kwanan aiki 3, wanda ya faɗi na biyu kwanan aiki 10. Wanda ya yi jarrabawa da babur marar kuloci, mai sauya giya da kansa, lasinsa na irin wannan ne kaɗai.

Tsarin bai rasa inda ya ke yoyo ba. Ba a neman jarrabawar ilmi kafin CBT, don haka mutum na iya shiga tsakiyar London bai taɓa buɗe littafin ƙa'idodin hanya ba. Wanda ya yi horon bisa babur marar kuloci, takardarsa ta ba shi iko ya hau mai giya. Ba kuma iyaka ga yawan sabuntawa, har akwai masu shekara 10 da allon L, kowace shekara 2 su koma su biya kuɗin yini guda. Daga 1982 zuwa 2001 akwai dokar da ta ce wanda ya cika shekara 2 bai ci jarrabawa ba ya sauka na shekara guda, aka soke ta. Malaman hawa da kansu sun daɗe suna kuka da waɗannan kafofi, kukansu kuwa yana bisa hanya, gama horon yini guda an yi shi ne ya zama ƙofar shiga koyo.

BAYAN AN CI, DA MAGANAR BAƘO

Cin jarrabawa bai kawar da ido daga kan mutum ba. Bisa ga dokar sababbin matuƙa, wadda ta fara aiki a 1997, wanda makin laifinsa ya kai 6 cikin shekara 2 na farko bayan jarrabawarsa ta fari, za a soke lasinsa, ya koma mai koyo, ya sake jarrabawa duka. Makin da aka samu zamanin allon L ba ya gogewa ranar cin jarrabawa, biyo mutum ya ke yi, ya shiga lissafi. Ga sauran matuƙa, maki 12 cikin shekara 3 ne ke jawo a hana mutum tuƙi, galibi wata 6.

Wanda ya zo da cikakken lasin babur daga Nijeriya ko Nijar ko Gana yana iya hawa da shi wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Bayan haka lasin ba ya aiki, ba a kuma musanya shi da na Biritaniya, gama waɗannan ƙasashe ba sa cikin waɗanda aka yi wannan yarjejeniya da su, irin Afirka ta Kudu da Zimbabwe da Japan. Sai ya nemi lasin koyo, ya bi matakan nan tun daga CBT. Abin da ya fi shi ne a fara neman tun watannin farko, don layin jarrabawa ya kan yi tsawo. Lasin mota na gida kuwa ba ya ba da ikon hawan babban babur ko na kwana ɗaya.

A tuna kuma Biritaniya hannun hagu a ke bi. Nijeriya ta bar hagu ta koma dama ran 2 ga Afrilu, 1972, Gana ta bi sawu a 1974, Nijar kuwa dama can dama ta ke bi. Mai mota yana da sitiyari a ɗaya gefen yana tuna masa ya sauya ƙasa, amma babur iri ɗaya ne ko'ina, ba abin da zai tuna wa mahayi. An fi yin kuskuren da sassafe in hanya ba kowa, ko wajen fitowa daga gidan mai, ko a shataletale, inda a ke zagayawa ta hagu, a kuma ba wanda ya fito daga dama hanya.